Layin Jira Ya Fi Gadin Na'ura: Hanyar Fitar Da Guntayen Bidiyo Masu Yawa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin tace hotuna na wani gidan talabijin, ko sashen watsa labarai na wata ma'aikata, ko ɗaya daga cikin ofisoshin masu shirya finafinai da ke Titin Gidan Zu a Kano, ya san akwai wani lokaci da aiki ya ƙare amma ma'aikaci bai tashi ba. An yanke hoto, an gyara murya, an sa rubutu, sai kuma a zauna ana kallon kwamfuta tana fitar da abin da aka tace zuwa fayil wanda za a iya aikawa. Idan shiri ɗaya ne, abin da sauƙi. Amma aikin yau ba ya tsayawa ga shiri ɗaya. Daga taro guda akan nemi jawabin babban baƙo daban, na kowane mai magana daban, da gajeren labari domin talabijin, da guntaye na minti ɗaya ɗaya domin Facebook da WhatsApp.

Alal misali, a ce ana bukatar guntaye 40. Idan mai tacewa zai ɓata minti 2 wajen zaɓen ma'auni da rubuta suna, sa'an nan ya jira minti 3 kafin na'ura ta gama kowane ɗaya, to, ya ci minti 200, watau awa 3 da minti 20, yana tsare a kujera ba ya iya taɓa wani aiki. A inda ake aiki da janareta kuwa, musamman tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kowace awa tana da farashinta.

Gadon zamanin kaset

Wannan ɗabi'a ta gadin na'ura tana da asali. Sa'ad da gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki cikin 1962, da lokacin da aka kafa hukumar NTA cikin 1977, da kuma sa'ad da aka buɗe CTV ta Kano a farkon shekarun 1980, hoto yana kan fim ne ko kan zaren kaset. Kaset ɗin U-matic na kamfanin Sony ya fito cikin 1971, VHS cikin 1976, Betacam kuwa cikin 1982. A wannan zamani in ana son kwafin shirin rabin awa, sai an kunna shi rabin awa cur daga wata na'ura zuwa wata, mutum yana tsaye da yatsa a kan maɓalli, kuma duk kwafin da aka ɗauka daga kwafi sai ya rage kyau. A kan kaset aka fitar da Turmin Danya cikin 1990, fim ɗin da ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa.

Kwamfuta ta kau da wannan tilas tun da daɗewa. Avid ta shigo cikin 1989, Adobe Premiere cikin 1991, Final Cut Pro cikin 1999. Sai dai hannun ma'aikata da yawa bai bar tsohuwar al'ada ba: har yanzu ɗaya bayan ɗaya suke fitarwa, kamar ana juya kaset.

Layin jira

Maganin abin shi ne layin jira. Mai tacewa yakan ware kowane guntu, ya ba shi suna da ma'auni, ya jera su duka, sa'an nan ya danna maɓalli sau ɗaya ya tafi harkarsa. Masu aiki da Premiere suna iya zaɓen shirye-shirye da yawa a lokaci guda su tura su ga Media Encoder, wadda za ta yi ta fitarwa su kuwa suna ci gaba da tacewa. Final Cut Pro ta sami irin wannan dama ta fitar da tari cikin 2018. DaVinci Resolve, wadda ɗalibai suka fi samu domin akwai ta kyauta, tana da layin jira a shafinta na ƙarshe.

Amma fa akwai tarko a nan wanda ya kamata a sani. Resolve tana ba da zaɓi biyu: ko a fitar da shiri a dunƙule, ko a fitar da guntaye ɗai ɗai. Zaɓi na biyu yana mai da kowace yanka fayil mai zaman kansa. Jawabin da aka yanke wuri 10 zai fito a wawwatse, ba a matsayin jawabi guda ba. Wannan zaɓi ya dace da wanda zai miƙa ɗanyun hotuna ga mai gyaran launi. Wanda yake son ƙararrun guntaye kuwa, sai ya sa alamar farko da ta ƙarshe a kan kowane ɗaya ya jefa shi cikin layi, ko ya ware wa kowane guntu shimfiɗarsa.

Inda ba a taɓa hoton ba

Wani lokaci ba gyara ake bukata ba, yanka kawai ake so, kamar a raba lacca ta awa 2 zuwa darussa 12. A nan ba lallai ne kwamfuta ta sāke sarrafa hoton ba. Manhajar FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara cikin 2000, da LosslessCut da aka gina a kanta, suna kwashe yankin da ake so yadda yake, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da ya rage kyau ba. Aibinta ɗaya ne. Talabijin a Nijeriya yana nuna hotuna 25 a daƙiƙa, amma tsarin matse bidiyo irin H.264, wanda aka amince da shi cikin 2003, ba ya ajiye kowane ɗaya cikakke. Jefi-jefi yake ajiye cikakken hoto, na tsakani kuwa bambancinsu kawai yake rubutawa. Saboda haka yankar takan faɗa kan cikakken hoto mafi kusa, ta ɗan zarce ko ta ɗan gaza wurin da aka nufa.

Ma'auni da wutar lantarki

Wajibi ne a tsai da ma'auni tun kafin a jera aiki, a kuma adana shi da suna domin gobe. Bidiyon da aka matse a kan megabit 8 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 60 a minti ɗaya, ya isa intanet. Kwafin ajiya irin ProRes na kamfanin Apple kuwa yakan haura gigabait 1 a minti. Filashin da aka tsara da tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Mai hankali yakan fitar da guntu ɗaya ya kalla, ya saurari muryarsa, kafin ya saki sauran 39, domin kuskure ɗaya a ma'auni zai bi su duka.

Har ila yau rarraba aiki kariya ce daga ɗauke wuta. Fayil ɗin MP4 a ƙarshe ake rubuta masa jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake, don haka in wuta ta yanke kafin ya kammala, ba zai buɗu ba. Wanda ya dunƙule aikinsa cikin fayil guda ya yi asarar duka. Wanda ya jera guntaye ya yi asarar na kan wuta kaɗai.

Tun ran gini tun ran zane

Abin da aka fi rainawa shi ne suna. Guntaye 40 masu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske" ba su da amfani ga wanda zai gaji ofishin. Kyakkyawan suna yakan fara da shekara, wata, rana, sa'an nan wuri, da batu, da lamba mai sifiri a gaba, kamar 01 da 02, domin wasu na'urori sukan sa 10 a gaban 2.

Akwai darasi a kan wannan daga Jos. A shekarun 1960 da 1970 gidan BBC ya goge kaset-kaset masu yawa domin sāke amfani da su, aka rasa shirye-shirye da dama. Cikin 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai neman tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano sassa 9 na wasan Doctor Who da aka ɗauka sun ɓace, jibge a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Sun shekara fiye da 40 ba a gan su ba, kuma rubutun da wani ma'aikaci ya manna a jikin gwangwanayen fim ɗin ne ya ja idonsa. Jawaban gwamnoni, da zaman majalisu, da bukukuwan sarauta da ake ɗauka yau, su ne tarihin da za a nema nan gaba, kuma za a same su ne gwargwadon yadda aka sa musu suna ranar da aka fitar da su.