Ottawa: Birnin da Ma'aikata Ke Zamiya Kan Ƙanƙara Zuwa Ofis

A Ottawa, babban birnin ƙasar Kanada, hunturu ba baƙo ba ne, ɗan gida ne da ake shirya wa tarba tun daga watan Nuwamba. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a birnin cikin shekara takan haura mita 2 idan aka tara ta, kuma a watan Janairu sanyin dare kan kai digiri 15 ƙasa da sifili. Duk da haka ba kasafai ake rufe ma'aikatu ba. Idan masu hasashen yanayi suka hango saukar dusar da ta kai santimita 7, hukumar birnin kan hana ajiye mota a bakin titi, domin motocin kwashe ƙanƙara su samu hanyar yin aikinsu.

Abin da ya fi fito da birnin shi ne magudanar ruwa ta Rideau, wadda aka kammala haƙawa a 1832, UNESCO kuma ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Tun daga hunturun 1970 zuwa 1971, da zarar ruwanta ya daskare, akan mayar da tsawon kilomita 7.8 fagen zamiya da ya ratsa tsakiyar gari har kusa da ginin majalisar dokoki. Wasu ma'aikatan tarayya kan ɗaura takalman zamiya da safe, su rataya jakunkunansu, su bi ta kan ruwan zuwa wurin aiki.

Sai dai fagen ba ya samuwa a banza. Hukumar da ke kula da babban birnin ba ta buɗe shi sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30, abin da ke buƙatar kwana 10 zuwa 14 a jere na sanyin digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili. Dusar kanta matsala ce, domin takan lulluɓe ƙanƙarar kamar bargo ta hana ta yin kauri. Saboda haka ma'aikata ke share ta, su huda ramuka cikin dare, su jawo ruwa su malala a sama domin ya daskare.

A hunturun 2022 zuwa 2023, a karon farko cikin fiye da shekara 50, ba a buɗe fagen ko na kwana ɗaya ba, saboda sanyin bai kai yadda ake buƙata ba. A shekarar da ta biyo baya ma kwanaki kaɗan aka samu. Masu sayar da abinci a kan ƙanƙarar da masu otal-otal sun ji a jikinsu, bikin hunturu na Winterlude kuma ya rasa babban dandalinsa. Birnin da ya ƙware wajen jure tsananin sanyi, yanzu ɗumamar yanayi ta tilasta masa neman dabarar riƙe ƙanƙarar da ya saba samu kyauta.