Baƙin Allo Ba Mutuwar Kwamfuta Ba Ne

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, 'yan kasuwa a Zongon Lome ke ɗora Windows 11 a kan kwamfutocinsu na hannu. Wani lokaci in an gama an kunna, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa amma babu hoto.

Galibi injin lafiyarsa ƙalau. Sabuwar manhajar ce ba ta jitu da tsohuwar na'urar hoto ba. Da farko a zare filashin da aka ɗora manhajar da shi, da duk wayar da ke zuwa talabijin. Sannan a danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. In bai farfaɗo ba, a kashe shi da maɓallin wuta yana cikin tashi, har sau uku. Zai buɗe shafin gyara. Daga nan a shiga Safe Mode, a cire direban hoton.

Abin kiyayewa shi ne, kada a bar mai gyara ya goge faifai kafin a kwashe lissafin bashi da na kaya. Kwamfuta tana da madadi a kasuwa, amma sunayen masu riƙe da kuɗinka ba su da shi.