Ko Kun Sani? Gasar Su da Ake Mayar da Kifin Ruwa

A Ingila akwai gasar kamun kifi da ko ɗaya ba ya shiga tukunya. Ana yin ta ne a tafkunan da 'yan kasuwa suka haƙa suka zuba kifi, musamman kaf da birim, mai sha'awa ya biya kuɗi ya shiga.

Da safe ake jefa ƙuri'a, kowa ya zari lambar gurbin da zai zauna, ba kuma zai gusa daga nan ba har a tashi, galibi bayan awa 5. Sandar fatsar takan kai mita 16, gaɓa-gaɓa ake harhaɗa ta. Koto kuwa tsutsa ce, ko tana, ko masara mai zaƙi, ko dunƙulallen abincin kifi. Gwaninta tana wajen ciyarwa: a riƙa watsa abinci kaɗan-kaɗan har kifi ya taru wuri guda. In aka cika hannu sai ya ƙoshi ya ƙi ƙugiya.

Duk kifin da aka kama ana ajiye shi da ransa cikin doguwar raga a ruwa. Yawancin tafkunan sun hana ƙugiya mai ƙaya don kada bakinsa ya yage. Da lokaci ya cika sai a zagayo da sikeli, a auna, a sake shi.

A gasar Argungu kifi ɗaya mafi girma ke ba mutum kambu. A Ingila kuwa jimillar nauyin kamun ake lissafawa, kuma zakaran wata gasa mai suna Fish O'Mania yakan tafi gida da fam 50,000.