Yadda Ƙaguwar Ƙarƙashin Teku Ke Hayayyafa

A can ƙasan Tekun Atlantika, daura da gaɓar gabashin Amurka, akwai wata jar ƙaguwa da ke rayuwa a zurfin mita 200 zuwa 1,800, cikin duhu da sanyi. 'Yar uwarta kuma tana gaɓar Afirka, inda masuntan Namibiya da Angola ke kama ta. Sanyin zurfin ya sa komai na ƙaguwar gaɓar Amurkan sannu a hankali yake tafiya, girma da haihuwa duka.

Barbara ba ta yiwuwa sai tamatar ta yi saɓa, ta tuɓe tsohon ƙwansonta. Kafin lokacin, namiji yakan rungume ta a ƙarƙashin ƙirjinsa, ya killace ta da ƙafafunsa, ya yi ta yawo da ita kwana da kwanaki. Da ta tuɓe, jikinta na nan laushi tiɓis, sai su sadu, ya ci gaba da gadinta har sabon ƙwanso ya yi tauri. Maniyyin kuwa tana adana shi a wata 'yar jaka cikin jikinta, sai ƙwai ya nuna ta yi amfani da shi.

Idan ta saki ƙwai, ba ta zubar da shi a ƙasa. Manne shi take yi a gashin ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashin cikinta, ƙwai dubun dubata a dunƙule, tana kaɗa masa ruwa don ya sami iska. Da fari ja ne mai ruwan lemo, yana ƙosawa yana rinewa har ya kusa baƙi. Wannan goyo yakan ci watanni masu yawa, shi ya sa masana ke ganin sai bayan shekara biyu take sake haihuwa. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe sukan taso saman ruwa mai ɗumi, kifaye su cinye mafi yawansu, tsirarun da suka tsira su koma ƙasa.

Ganin haka ne Amurka ta tsara kamun wannan ƙaguwa tun 2002, aka fi karkata ga maza, ana mayar da matan ruwa. Sai dai kwashe manyan maza ma illa ce, domin namijin da bai fi tamata girma ba rungumarta tana yi masa wuya. Halittar da ke jinkirin haihuwa haka, in aka yi mata kamun ƙare dangi, shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta farfaɗo.