Zanen Dabbobi a Kan Fata: Yadda Mai Koyo Zai Ƙware

Ana roƙon hakimai da malamansu su karanta wa dukawan ƙasarsu wannan bayani, tun ba yaran da suka fara koyo ba.

Dukanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin ayari fatake ke ƙetare Sahara da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Adon da dukawanmu suka gada galibi dagi ne da layuka da kusurwoyi. Surar dabba kuwa, kamar raƙumi ko kada, baƙi suka fi nemanta a kan jaka da alabe, kuma a nan ne mai koyo ya fi yin ɓarna, gama abin da aska ta yanka ba ya komawa. Saboda haka gwaninta tana ga abin da aka yi kafin aska ta taɓa fata.

Da fari a zaɓi fatar da aka jeme da bagaruwa, don ita ke riƙe zane. Wadda aka jeme a masana'anta da maganin kurom ba ta riƙewa, ko an danna ta sai ta taso.

Na biyu, yaro ya zauna ya dubi dabbar da idonsa, ya lura da inda ƙafa ta lanƙwasa da tsawon wuya bisa ga jiki. Ya fara da kifi ko ƙadangare, waɗanda layukansu kaɗan ne. Doki sai daga baya. Ya zana a takarda tukuna, har wani ya gane dabbar ba tare da an faɗa masa ba.

Na uku, a shafa wa fatar ruwa kaɗan, a jira sai launinta ya soma komowa. In ta jiƙe sharkaf zane ya baje, in ta bushe aska ta ƙi tafiya. Sa'an nan a ɗora takardar a bi layin da basilla mai dakusasshen baki.

Na huɗu shi ne yanka. In ƙirgi ne, kada aska ta wuce rabin kaurinsa, kana a danne bayan layin don dabbar ta taso. Fatar akuya ba ta da kauri, sai a rina ta ja da karan dafi, ko baƙa da kuloko, a tsaga fuskar kawai, a ɓare ta kewaye da dabbar, hasken cikin ya bayyana. Lalle aska ta kasance da kaifi, don dakusasshiya ke sa yaro ya danna da ƙarfi har ya huda. A shanya a inuwa.

Na biyar, ya maimaita dabba ɗaya a kan guntayen da maigidansa ya zubar, ya ajiye na farko don ya gwada da na goma. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Hakimai na da hannu cikin wannan al'amari. Su gargaɗi mahauta su yi fiɗa ba tare da tsaga fata ba, makiyaya kuma su daina lalas a tsakiyar jikin dabba, domin tabo ɗaya kan ɓata wurin zane duka. Don irin wannan gyara aka buɗe wurin koyar da aikin fata da ƙirgi a Zariya a 1964. Haka kuma, da yake malamai da yawa ba sa son surar mai rai, a hori yara kada su sa ta a gafaka ko bangon littafin addini. Dagi ya wadatar a can.

Allah ya sa albarka a sana'ar, amin.