MASU DIRA DAGA JIRGIN SAMA DA LAIMA: ME KE CIKIN JAKARSU?

Mutanen ƙauyukan da ke kusa da Jaji, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, sun sha ganin wannan abu. Jirgin sama zai zo ya wuce. Can sai ga mutane suna faɗowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, laima ta buɗe a kan kowa, suna saukowa a hankali. Waɗannan sojoji ne. Aikinsu ke nan, kuma a makarantar soja da ke can ake koya musu shi.

To, a wasu ƙasashe akwai farar hula da ke yin haka don wasa kawai, kamar yadda wasu ke yin sukuwa ko kokawa. Da kuɗinsu ma suke biyan jirgin. Ana yi a Amurka da Faransa da Jamus da Afirka ta Kudu da Dubai. Akwai maza, akwai mata, har da tsofaffi masu jikoki.

Mai karatu zai ce wannan ai neman mutuwa ne. Haɗari kam akwai shi. Amma ga lissafi. A Amurka, a shekarar 2023, an yi irin wannan tsalle sau miliyan 3 da dubu 650. Mutum 10 ne suka mutu. A shekarun 1970 kuwa masu tsallen ba su kai haka yawa ba, amma ana rasa fiye da mutum 40 kowace shekara. Abu biyu ne suka kawo wannan sauyi: kayan aiki da horo.

YADDA FAƊOWAR TAKE

Jirgi yakan hau sama kamar mita 4,000, watau kilomita huɗu. Sai a buɗe ƙofa, mutum ya fita. Ba ya buɗe laima nan take. Yakan yi kamar minti ɗaya yana faɗowa haka nan, kuma wannan mintin shi ne daɗin wasan a wurinsu.

A cikin sakan 12 na farko gudunsa yana ta ƙaruwa. Daga nan sai iska ta tokare shi, gudun ya tsaya a kan kimanin kilomita 200 a awa. Wannan ya ninka gudun motar haya a kan kwalta sau biyu. A irin wannan gudu, mutum yana cin mita 300 cikin sakan biyar da rabi. Saboda haka a sama ba a da lokacin dogon tunani. Duk abin da za a yi, tun a ƙasa ake shirya shi.

LAIMA TA FARKO

Mai tsalle yana goye da jaka a bayansa. An haɗe jakar da maɗaurai masu ƙarfi: biyu a cinyoyi, ɗaya a ƙirji, sannan waɗanda suka bi ta kafaɗu. A cikin jakar akwai laima biyu, ba ɗaya ba.

Laimar da aka fi sani a hotuna mai zagaye ce, kamar ƙwarya a kife. Da irinta wani Bafaranshe mai suna Garnerin ya sauko daga wani ƙaton balan-balan a birnin Paris a shekarar 1797. Sojoji suna amfani da ita har yau. Aibinta shi ne ba ta jin linzami sosai. Inda iska ta kai ka, nan ka sauka.

Masu wasa sun daɗe da barin ta. Tasu mai kusurwa huɗu ce, kamar katifa. Wani mutumin Kanada da ke zaune a Amurka, Domina Jalbert, shi ya ƙago ta a shekarun 1960. Ana ɗinka ta da yadin nailan, shimfiɗa biyu, sama da ƙasa. Tsakaninsu an raba ɗaki-ɗaki, bakwai ko tara, bakinsu a buɗe ta gaba. Iska ce ke shiga ta cika su, sai laimar ta miƙe ta zama kamar fiffiken tsuntsu. Tana tafiya gaba, tana saukowa.

Tana da linzami biyu. In an ja na dama ta juya dama. In an ja na hagu ta juya hagu. In an ja duka biyun tare, sai ta rage gudu. Haka ake yi daf da ƙasa, mutum ya sauka kamar wanda ya sauko daga kan matakala.

Wajen buɗe ta kuwa, akwai wata 'yar ƙaramar laima a aljihun gindin jakar. Mai tsalle zai zaro ta da hannun dama ya jefa cikin iska. Ita ce za ta zare fil ɗin da ya rufe jakar, ta jawo babbar waje. Akwai kuma wani ƙyalle da ke tattare igiyoyin wuri ɗaya, yana zamewa ƙasa sannu-sannu. Aikinsa shi ne ya hana laimar buɗewa farat ɗaya. In ba don shi ba, fizgar za ta iya ji wa mutum ciwo, ko ta yaga yadin.

LAIMAR KO-TA-KWANA

Laima takan ƙi buɗewa daidai. Igiyoyi na iya sarƙewa. Yadi na iya yagewa. Wani lokaci ta buɗe a karkace, ta riƙa juyi da mutum kamar dutsen niƙa na inji. Irin wannan yakan faru kimanin sau ɗaya a cikin tsalle dubu. Dalilin laima ta biyu ke nan. Ita ce safayar mai tsalle.

Sai dai ba a buɗe ta biyu alhali ta farko tana lilo a sama, don kada su harɗe da juna. Dole a fara rabuwa da lalatacciyar. A da wannan abu ne mai wuya, domin nauyin mutum yana ɗaure maƙalan tamau. A shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Bill Booth ya samo dabara. Ya haɗa zobba uku a kowace kafaɗa: babba, matsakaici da ƙarami. Kowanne yana shiga cikin na gaba da shi, kowanne yana rage nauyin da ke kan na bayansa. Kafin a zo kan ƙaramin, 'yar siririyar igiya kawai ke riƙe da komai. Da an ja mariƙi ɗaya, zobban sun saki, laimar ta tafi abinta.

Wannan mariƙi yana ƙirji ta dama. Na buɗe laimar ko-ta-kwana yana ta hagu. Dama tukuna, sannan hagu. Wanda ya juya wannan tsari ya jefa kansa cikin masifa.

Laima ta farko kowane mai tsalle yana iya naɗe abarsa, in ya koya. Ta biyu kuwa, a'a. Sai gwani mai takardar shaida daga hukuma. A Amurka doka ta ce a kwance ta, a duba, a sake naɗewa duk bayan kwana 180, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. In gwanin ya gama, zai ɗaura jan zare a jikin fil ɗin, ya manna ɗan hatimin dalma mai alamarsa. Sannan ya rubuta ranar da ya yi aikin a kan wani kati da ke aljihun jakar, ya sa hannu. Wanda ya ga zaren a tsinke, ko ya ga kwanan watan ya wuce, ba zai hau jirgi da wannan jaka ba. In an yi sakaci kuma, an san wanda za a tambaya.

IN MUTUM YA SUMA FA?

Wannan ita ce tambayar da ta daɗe tana damun masu wasan. Mutum biyu na iya karo a sama, ɗaya ya suma. Wani kuma hankalinsa ne ke tafiya kan wasa, ya manta ƙasa tana matsowa. Laima biyu lafiyayyu suna bayansa, amma babu mai buɗewa.

A shekarar 1986 wani Bajamushe mai suna Helmut Cloth ya rasa abokinsa ta irin wannan hanya. Sai ya duƙufa neman magani. A 1991 ya fito da wata 'yar na'ura da ake kira CYPRES. Ba ta fi kwalin sigari girma ba, kuma a cikin jakar take zama. Tana auna nauyin iska, ta haka take gane nisan mutum da ƙasa da kuma gudun da yake yi. Wadda aka yi wa ƙwararru, in ta ga saura kamar mita 225 a iso ƙasa, mutum kuma yana nan yana faɗowa da gudu, sai ta harba wata 'yar wuƙa. Wuƙar ta yanke igiyar da ta rufe laimar ko-ta-kwana. Wani sifirin ya yi tsalle ya fito da ita.

A wannan wuri saura kamar sakan huɗu a bugi ƙasa. Shi ya sa malamai ke cewa kada kowa ya dogara da ita. Ana kunna ta da safe, a manta da ita, mutum ya yi aikinsa da hannunsa. An taɓa yin irin waɗannan na'urori kafin ta, amma sukan harba ba da dalili ba, har ƙwararru suka ƙi su. Yanzu akwai kamfanoni da dama da ke yin su, kuma ba a barin ɗan koyo ya yi tsalle ba tare da ita ba.

Sauran kayan ba su da yawa. Akwai hular kwano, da tabarau don kare ido daga iska. Akwai kuma wani agogo da ake ɗaurawa a hannu. Shi ba lokaci yake nunawa ba, nisan ƙasa yake nunawa. Ana so ɗan koyo ya riƙa duba shi duk bayan 'yan sakan kaɗan.

KOYO

Yawancin mutane suna farawa ne a ɗaure da malami. Ana maƙala ɗan koyo a gaban malamin da ƙugiyoyi huɗu, su sauko da babbar laima ɗaya. An fara wannan a shekarar 1983. Kusan duk aikin malamin ne ke yi.

Mai son ya yi tsalle da jakarsa kuwa, sai ya shiga aji. Kusan yini guda ake yi a ƙasa kafin a bar shi ya taka jirgi. Abu na farko da zai koya shi ne yadda zai ajiye jikinsa a iska. Ciki ƙasa, ƙugu a ture gaba, kai a ɗage, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Wanda ya dunƙule don tsoro, iska za ta yi ta wuntsila shi.

Daga nan sai a rataye shi da maɗaurai a jikin ƙarfe a cikin rumfa. Malami ya nuna masa hoton laima lafiyayya, ya nuna masa hoton lalatacciya, ya ce, "To, me za ka yi?" Shi kuma ya dubi mariƙin dama ya ja, ya ja na hagu. Za a yi ta maimaitawa har ya gaji, har hannunsa ya san hanya da kansa. Dalili kuwa, tsoro yana toshe basira. Abin da jiki ya saba shi kaɗai ke saura.

Ana kuma koya masa faɗuwa. Ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe kuma a ɗan lanƙwashe. In ya taɓa ƙasa da ƙarfi, sai ya mirgina ta gefe: ƙwauri, cinya, kwatangwalo, sannan baya. Ba a tokare ƙasa da hannu. Leslie Irvin, wanda ya yi suna a 1919 a Amurka saboda ya fito daga jirgi ya buɗe laimarsa da hannunsa, ya iso ƙasa da rai, amma ya karye a idon sawu wajen saukar.

A tsallen farko malamai biyu ne ke fita tare da ɗan koyo, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, suna riƙe da shi. Ƙarar iska ba ta bari a ji magana, don haka da yatsu suke yi masa ishara: miƙe ƙafa, duba agogo, buɗe laima. Bayan ta buɗe, wani malami a ƙasa zai riƙa yi masa jagora ta rediyo. Duk tsallen da ya yi ana rubuta shi a littafi, malami ya sa hannu. A Amurka sai ya yi tsalle 25, ya kuma ci jarrabawa, kafin a ba shi lasin na farko.

Akwai iyakoki da aka gindaya masa. Dole laimarsa ta fara buɗewa kafin ya sauko ƙasa da mita 900. In ta lalace, ya yanke shawara kafin mita 750. In iska a ƙasa ta wuce gudun kilomita 22 a awa, ranar babu tsalle, ko da ya biya kuɗi. Kafin kowa ya shiga jirgi kuma, wani zai duba masa kayansa, shi ma ya duba na wani: zobba uku, maɗaurai uku, mariƙai uku.

INDA AKE MUTUWA YANZU

Ga abin mamaki. Da yawa daga waɗanda ke mutuwa a wannan wasa yanzu, laimarsu ta buɗe lafiya lau. Kuma galibi ba 'yan koyo ba ne. Mutane ne da suka yi tsalle ɗaruruwa, wasu ma dubbai.

Ɗan koyo ana ba shi babbar laima, mai faɗin shimfiɗar ɗaki guda. Tana tafiya a hankali, tana yafe kuskure. In mutum ya fara ƙwarewa sai ya so ƙarama, domin ta fi gudu, ta fi jin linzami. Wasu tasu ba ta kai rabin ta ɗan koyo ba. Matsalar ita ce, duk lokacin da aka juya laima da ƙarfi, sai ta sunkuyar da kai ta nufi ƙasa da gudu. A can sama wannan ba komai ba ne. Amma wanda ya yi haka kusa da ƙasa, laimar ba za ta sami filin miƙewa ba, sai ya bugi ƙasa da gudun mota. Wani yana yi ne don burge 'yan kallo. Wani kuma waya ce ko bishiya ya gani a makare, ya firgita ya fizgi linzami.

Saboda haka tun ranar farko ake koya wa ɗan koyo ya zaɓi filin saukarsa tun yana can sama. In ya zo ƙasa-ƙasa, ba ya yin babban juyi. In wani abu ya tare masa gaba, ya ɗan kauce kaɗan kawai, laimar tana daidai a saman kansa. Ko da zai sauka a gonar wani, nesa da inda aka shirya, sai ya naɗe laimarsa ya saɓa a kafaɗa, ya tako da ƙafa ya dawo.