Kalma Ɗaya Takan Gyara Wasiƙa, Ɗaya Kuma Ta Ɓata Ta

Masu karatu, idan muna magana ido da ido, fuska da murya sukan taimaki bakinmu. Amma a wasiƙa ko a saƙon waya, kalma ce kaɗai take tafiya. Wanda ya karɓa ba ya ganin murmushinmu, abin da muka rubuta shi zai auna mu da shi.

A cikin 1934 G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamus na Hausa. Duk wanda ya buɗe shi zai tarar da kalmomi masu yawa da suke nufin abu guda. Amma fa nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki labarin mutuwa. Akuya ta mutu, haka ake cewa. Amma mahaifin mutum, sai mu ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Ɗan da yake karatu a nesa, in ya karanta "babanka ya mutu," an ƙara masa ciwo a kan ciwo. Haka kuma matar da ta haihu, "ta sauka lafiya" ya fi daɗin ji, domin ya nuna mun san wahalar da ta sha.

Tsoho da dattijo shekarunsu ɗaya, amma dattijo an ba shi girma. Matar da take riƙe da hatsi har damina, mai ƙaunarta zai ce tana da tattali, mai jin haushinta ya ce rowa gare ta. Rumbun ɗaya ne, zuciyar marubuci ce ta bambanta. Yaron da ba ya sakin abin da ya sa a gaba, mu muke zaɓa ko mu kira shi mai naci ko mai taurin kai, kuma sau da yawa sunan da muka ba shi yakan bi shi.

Ko "ku" da "kai" ma abin lura ne. Surukin da aka rubuta wa "ka aiko" maimakon "in da hali ku aiko," zai ga an rena shi. Ƙaramin abu irin wannan ya isa ya raba gida biyu.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ta takarda kuwa ta fi, gama ana ajiye ta, a sake karantawa bayan shekaru. Saboda haka kada mu rubuta cikin fushi. Kafin mu aika, mu karanta da ƙarfi, mu tambayi kanmu: da wannan mutum yana zaune a gabanmu, za mu iya faɗa masa haka?